Zamzam a Cokali

Mutumin farko da ya cuce mu a ƙasa mai tsarki Bahaushe ne, kuma carbi na hannunsa ya yi. Shi ne ejan ɗin da ya rantse wa Baba tun a Funtuwa cewa masaukinmu a jikin Harami yake, wai in ka yi atishawa a ɗaki liman ne zai ce maka yarhamukallahu. Da muka sauka Jidda ya zuba mu a mota, aka yi ta tafiya har na fara zaton ta ƙasa za a mayar da mu gida. Unguwar da aka sauke mu sunanta Ka'akiyya. In ka hau bokiti ka miƙa wuya ta tagar ɗakin, za ka hango kan dogon agogon nan na Makka, siriri kamar tsinken tsire.

Na ce, "Baba, ga Haramin can. Yi atishawar mu ji."

Ya ce, "Uwata, bakin nan naki sai ya sa an kore mu daga ƙasar mutane." Amma dariya yake yi har da riƙe ciki.

Uwata yake ce mini saboda sunan mahaifiyarsa na ci, Zinatu. Shekarata goma sha shida. Shi tela ne, kuma ɗinki ya daina ciyar da mu a gida. Shi ya sa da ejan ya ce akwai shago da keke suna jiransa a Makka, ni kuma akwai makarantar haddar 'yan mata, Baba bai yi dogon bincike ba. Muka bar Mama da ƙannena. Muna gama Umra wayar ejan ta shiga i'itikafi, har yau ba ta fito ba.

Babu shago, babu makaranta. Abin da ke akwai, kuma kyauta, shi ne Zamzam, Baba kuwa a kansa ya huce haushi. Duk ranar da muka sami motar zuwa Harami sai ya tsaya gaban randunan robar nan ya yi ta sha, kofi bayan kofi, har nakan ji tsoron askarawa za su kama shi da laifin ƙarar da rijiya. Yakan ce, "Ruwan da ake raba mana a murfin kwalba a gida, Uwata! Ga shi nan ba mai hana ka." In ya tashi tafiya kana jin cikinsa na kaɗawa kamar jarkar ɗan garuwa.

Daga Ka'akiyya muka riƙa zuwa unguwar Mansur neman aiki. Can Baba ya bi shagunan ɗinki ɗaya bayan ɗaya, ina biye da shi da ledar almakashinsa, har wani mutumin Damagaram ya tausaya ya ba shi keke a lungun shagonsa. A can kuma wata mai waina ta ji Baba ya ambaci unguwarmu, ta ajiye cokalinta ta hau tambayar ɗan wa, jikan wa. Ashe Gwaggo Hajara ce, 'yar wan kakana, wadda ta zo aikin Hajji tun Baba na yawo ba wando ta manta hanyar komawa. Hausarta rabi Larabci ce. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wannan ce bintin? Mashallah, ido kamar na ɓarawon kaji. Yalla, ku kwaso kayanku. Halas, ba ɗan'uwana da zai zauna a Ka'akiyya ina raye."

Ba mu daɗe da komawa ɗakinta a unguwar Misfala ba abin ya faru. Mutumin Damagaram ya ce yana jin keken Baba na gudu, sai ya ji shiru, ya waiga ya ga Baba ya kife a kan farar jallabiyar da yake ɗinkawa.

A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Likita yana magana Gwaggo na fassara mini: "Dakatur ya ce maƙogwaronsa ya manta shugul ɗinsa. In ya sha ruwa, maimakon ya bi hanyar ciki sai ya bi ta huhu. Mamnu'u a ba shi ruwa a baki, ko ɗigo." Suka zura masa siririyar roba ta hanci, ta nan ake ɗura masa abinci da sirinji. Na sa Gwaggo ta tambaya yaushe za mu koma gida. Likitan ya ce ranar da ya iya haɗiya da kansa aka cire robar, ranar za a yi maganar jirgi.

Tun daga nan duk duniyata ta koma maƙogwaron Baba.

Muka dawo da shi Misfala, 'yan dubiya suka fara zuwa. Bahaushe kuwa bai yarda an yi jinya ba in ba a sha kunu ba. Wannan ta shigo da na gyaɗa, waccan da na tsamiya, wata da koko, kowacce da rantsuwar cewa nata ya taɓa tayar da wanda har an fara neman likkafaninsa. Na zama mai gadin ƙofa. In na ce likita ya hana, sai a ce, "To ke ki shanye, kada ya lalace." Na sha kunun da zai ishi walimar unguwa guda. Ina kumbura, Baba na ramewa a gabana.

Cikin duk maganar da Allah ya ba shi, kalma ɗaya ce ta rage a bakinsa: ruwa. Akwai jarkar Zamzam a kusurwar ɗakin, idonsa kullum a kanta. Na rufe ta da zani, ya koma kallon zanin. Nakan jiƙa hankici in goga masa a leɓe, ya yi ta ƙoƙarin kama shi da haƙori. In Mama ta kira ta bidiyo sai in riƙe wayar ta ɓangaren fuskarsa mai lafiya, in ce mata yau har ya yi mini faɗa.

Yanzu bari in faɗi yadda sata ta haɗa ni da Dona Atija.

A benen Gwaggo, kullum da hantsi wani ƙamshi ke saukowa daga hawa na sama, na sukari da gwaiba, irin wanda ke sa mai azumi istigfari. Wata rana na bi shi da hanci. A bakin wata ƙofa na tarar da faranti an ajiye ya sha iska, cike da wani abu ja mai sheƙi. Niyyata in duba ko ya huce ne kawai. Na duba da yatsa ɗaya, na tabbatar da biyu. Ina cikin neman shaida ta uku na ji an kama kunnena.

Tsohuwa ce mai faɗin jiki, da zani mai zanen kifaye. Daga baya na san ita ce Dona Atija, 'yar Mozambik ce, ɗanta na aiki a wani masaukin alhazan ƙasarsu, ita kuma tana yi musu kayan zaƙin da suka saba da su a gida. Ba ta jin Hausa, Larabcinta iyakarsa sallaya. Da harshen Fotugis ta wanke ni tas, ta jawo ni da kunne har ƙofar Gwaggo don ta kai ƙara. Tana leƙawa ta ga Baba a jingine, roba a hanci. Sai ta saki kunnen.

Sannan ta ciro waya daga ɗaurin zaninta ta nuna mini hoton wani tsoho a kan gado, da roba irin ta Baba. Ta dafa ƙirjinta, na gane mijinta ne. Ta matsa zuwa wani hoton: tsohon nan dai, a wurin biki, ba roba, ya cika baki da jan abin da na gama sata.

Na nuna hoton, na nuna Baba, na buɗe tafin hannuwa.

Ta haura sama ta dawo da tire da ƙananan farantai huɗu, ta jera su a kan leda kamar za ta buɗe makaranta. Na farkon wani abu ne garai-garai da ke karkarwa kamar mai masassara.

"Jelatina," in ji ta. Ta shafa maƙogwaronta daga sama zuwa ƙasa, ta nuna yadda yake sulalewa.

Na biyun ruwan 'ya'yan itace ne da aka tace aka dafa har ya kama jikinsa, ba ko ƙwayar tsaki a ciki. "Jeleya." Na ukun da gutsattsarin mangwaro masu laushi a ciki, sai harshe ya yi ɗan aiki. "Kompota." Na huɗun kuwa wuƙa ta sa ta yanka, kamar sabulu. "Goyabada." Ta ƙwanƙwasa haƙoranta, ta sake nuna hoton bikin. Da nuni ta ce yana da 'yar'uwa, marmelada, da ake yi da wani ɗan itace da daga baya Gwaggo ta ce safarjal sunansa. Na rubuta su ne yadda kunnena ya ji. Su a wurinsu gelatina, geleia, compota da goiabada suke rubutawa.

Ta ɗaga yatsu tana hawa da su daga faranti zuwa faranti kamar matakala, a ƙarshe ta miƙe hannu ta yi ƙugin jirgi. Ban taɓa fahimtar wani darasi da sauri haka ba, malamaina na Funtuwa shaida ne.

Gwaggo ta dawo daga Mansur ta tarar da makarantarmu. Ta ce, "Duk murabba ne, meye na wahalar da baki?" Murabba shi ne sunan da Larabawa ke kiran su duka, har na shafawa a burodi. Dona Atija ba ta ji Hausar ba amma ta ji rainin, ta kaɗa mata muciya a gaban hanci tana maimaita sunayen ɗaya bayan ɗaya. Sai idon Gwaggo ya faɗa kan mai karkarwar.

"La'ilaha! Jeli? Ya binti, haramun alaiki. Wannan da ƙashin hinziri ake yi, na ji a wa'azi."

Cikin duk kalmomin duniya, hinziri Dona Atija ta sani. Alade, a Makka, a farantinta! Ta kwashe kayanta ta fita, benen na girgiza. Na ce shi ke nan, Gwaggo ta kore mana jirgi.

Washegari da sassafe sai ga ta da ƙafafun bijimin sa guda biyu a leda, ta dangwarar a gaban Gwaggo, ta nuna mata kofato da kyau. A kan risho ɗin Gwaggo ta ɗora tukunya, ta zauna a kan kujerar Gwaggo, ba wanda ya isa ya ce tak. Yini guda ana dahuwa. Ta kwashe kitsen, ta tace romon da farin ƙyalle, ta sake tacewa, ta jefa kirfa da ɓawon lemo da sukari. Da nuni ta ce wannan ma jeleya ce, ta ƙafar sa, irin wadda suke ba marasa lafiya, ita za ta maye gurbin jelatina.

Gwaggo ta leƙa tukunyar ta ce, "Ikon Allah. Ashe farfesu ne aka sa wa sukari. In an bar namu a firji ai haka yake daskarewa."

Romon ya yi kauri, Dona Atija ta nemi ruwan da za ta sirka. Ni kuwa na je na yaye zanin kan jarkar nan na jawo ta. Gwaggo ta dafe ƙirji, wai Zamzam da ƙafar sa? Ta kira wani malamin Zariya da ke karatu a jami'a, ya ce bai san abin da ya hana ba, in an gama ma a aiko masa ya ɗanɗana.

Kafin mu ba shi sai da muka tambayi ma'aikaciyar asibitin da ke duba haɗiyarsa. Ta ce a zaunar da shi sosai, ya sunkuyar da haɓa, kan cokali kawai, in ya yi tari a tsaya.

Na ɗebo a kan cokali, abin na rawa. Na ce, "Baba, Zamzam ne. Wallahi shi ne, tsayawa kawai ya yi."

Ya buɗe baki. Mu uku muka zuba wa maƙoshinsa ido kamar masu duban wata. Shiru. Shiru. Sai zakaran wuyansa ya hau ya sauka.

Bai yi tari ba. Hawaye ya gangaro ta idonsa mai lafiya. Gwaggo ta rangaɗa guɗa a tsakiyar Misfala har wani Bapakistane ya leƙo ko aure ake yi, ta rungume matar da ta kira abincinta na alade, suka yi ta kuka kowa da harshensa.

Daga ranar, kullum da safe kwano ke saukowa daga sama, a rufe da murfi. In Baba ya ci abin da zai iya sai in wanke, Gwaggo ta zuba waina a ciki in mayar, don ba a mayar wa mutum kwano haka nan. Muka gama ajin jelatina muka shiga jeleya, ta rumman ɗin Ɗa'ifa, ta lemo, ta inabi. Baba ya ƙaro kalmomi. Ya fara cewa "ƙara", sannan "Allah", sannan wata rana da na zubar masa a riga ina kwaikwayon tafiyar Gwaggo, ya dube ni ya ce, "Uwa…ta." Na fita matakala na yi kukan da ban yi ba tun asibiti.

Ranar da ya tauna gutsuren mangwaro na farko na kira Mama na ce, "Mijinki ya shiga aji uku. Saura goyabada ki fara share tsakar gida." Ta ce, "Goya wa?" Na ce ta dai shirya.

Ruwa tsagwaronsa ne kawai har lokacin aka ce a dakata.

Wata Alhamis Dona Atija ta ja ni kasuwar kayan marmari mu zaɓo gwaiba. Muna can wasu mutanen Funtuwa da suka zo Umra suka shigo dubiya, cikinsu har da Alhaji Sale, abokin Baba tun suna koyon ɗinki. Daga Harami suke, da gorar Zamzam ɗin da suka yi ɗawafi da ita a hannu. Suka yi abin da kowane ɗayanmu ya tashi ya ga ana yi wa mara lafiya: suka zuba a kofi, kowa ya yi addu'a ya tofa. Baba ya ga kofin ya ce, "Ruwa."

Gwaggo ta ce ta faɗa musu. Ta ce, "Alhaji, dakatur ya hana."

Ya ce, "Haba Hajiya. Zamzam ne fa."

Ta matsa gefe, aka kafa masa kofin a baki. Ni ma da nake ganin bakina ya fi reza, ban san ko da na iya hana shi ba.

Na dawo da ledar gwaiba na tarar da shi yana tari, fuskarsa ta yi duhu, gaban rigarsa sharkaf. Amma yana ganina ya yi murmushi da rabin bakinsa, ya haɗa kalma biyu a jere, karo na farko tun da ya faɗi.

"Na sha."

Zazzaɓi ya sauko kafin wayewar gari. Muka koma asibiti, aka ce ruwan ya shiga huhu ya zama ciwo. Alhaji Sale ya yini a bakin ƙofa yana kuka kamar yaro, har na kasa jin haushinsa yadda nake so. Baba bai ƙara cewa komai ba. Da hantsin wata Talata aka zo aka cire masa robar, ba ta hanyar da muka yi ta jira ba.

A Harami aka sallace shi bayan azahar, cikin jerin wasu gawarwakin. Na tsaya a sahun mata ina jin ladan na kiran sallar mamata, mutanen da ba su taɓa jin sunan Funtuwa ba suna yi wa telan lungu kabbara huɗu, yawansu ya fi ƙarfin ido. Maza suka wuce da shi maƙabarta. Ni ban san ko wane rami ne nasa ba, nan ba a sa alama.

Sai gaisuwa ta fara, kuma kowa da abu ɗaya yake zuwa.

"Ya dace, Zinatu. Wa ya kai shi sa'a?"

"Mutuwa a Makka! Mu ma ita muke roƙo."

"Ki yi murna, ya binti, ba kuka ba. Zamzam ne fa ƙarshen abin da ya sha."

Har 'yan'uwa daga gida suna kira suna cewa sun ji abin alheri. Na san gaskiya suke faɗa, ina cewa amin. Amma ni ba sa'a na zo nema masa ba. So nake in kai shi ƙofar gida Mama ta ga duk fuskarsa, da ɓangaren da na yi ta ɓoye mata.

Ana gobe mutanen Alhaji Sale za su tafi da ni gida, na buɗe firjin Gwaggo na ga kwanon Dona Atija na ranar Alhamis ɗin nan, kompotar mangwaro, ba a taɓa ba. Sai na tuna ba wanda ya gaya mata. Tana can masauki wurin ɗanta kwanakin nan, iyakar saninta an kai shi asibiti. Ranar na ji motsinta a sama.

Na hau matakala da kwanon ina neman abin da zan ce. Na binciki duk Fotugis ɗin da ke kaina, kalma biyar, duk na zaƙi. Ba wadda za a gaya wa mutum mutuwa da ita.

Ta buɗe ƙofa da fara'arta, ta karɓi kwanon ta ɗaga murfin tana tsammanin waina. Ta dubi abin da ke ciki. Ta dube ni.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji ta, tsaf, kamar a bakin Mama.

Ta zauna daɓas a kan matakala ta jawo ni jikinta. Ta fara magana da harshensu, doguwa, tana yi tana share fuska da gefen zani. Ni ma na fara tawa da Hausa. Na gaya mata ejan, da keken lungu, da kofin, da abin da ban san yadda zan ce wa ƙannena ba. Tana yi ina yi, ba mai jiran wani, har aka kira la'asar.

A duk garin Makka ita kaɗai ce ba ta ce mini ya dace ba. In ma ta faɗa, ban ji ba.